Saniyar Aron Malam Daudu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Lauwali Bunu. Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Malam Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Arɗo da dattawan rugage. Iyayenmu mata da ke zaune a bayan rumfa. Manoma da makiyaya da 'yan kasuwa da kuka taso daga Kazaure da Roni da Ɓaɓura da Kanya Babba. Da ku mutanen Gwiwa masu masaukinmu: ina gaishe ku gaba ɗaya, gaisuwar ɗa ga iyayensa, gaisuwar ƙane ga yayyensa.

Na gode wa wannan ƙungiya ta manoma da makiyaya da ta tsakura mini lokaci a taronta na shekara, alhali ga maganar taki da ta burtali suna jira. Na gode wa iyalan marigayi Malam Daudu, musamman uwargidansa Inna Tasalla da babban ɗansa Haladu, domin su suka ce in zo, su kuma suka ce a gaban jama'a za a yi.

Sunana Zaharadeen, mutumin Roni ne ni, a wani ɗakin gwaje-gwaje nake aiki a Kano. Ni ba likitan da ke duba marar lafiya ba ne. Ni ne wanda ake miƙo wa abin da likita ya yanko. Ku gafarce ni idan muryata ba ta da karsashi. Na gaji, gajiyar da kwanciya ba ta warware ta. Kuma abin da zan faɗa yana da nauyi a baki a gaban iyaye, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Magana ta farko, ciwon kansa. A jikin kowane namiji akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsara, ba ta wuce girman goro ba, ta kewaye hanyar fitsari. Idan shekaru suka ja takan kumbura, wani kumburin na tsufa ne kawai, wani kuwa ciwon daji ne. Dattijo zai ga fitsari yana yi masa gardama, ya yi shiru. Ya ga jini, ya yi shiru. Sai ƙugu ya riƙe, sai ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, sannan 'ya'ya su cicciɓo shi a mota. Na gaji da ganin naman mutanen da na sani, iyayen abokaina, yana iso mini bayan aikin gama ya gama.

Wanda ya zo da wuri ma, a yi masa aiki, a ba shi magani, ciwon ya lafa, iyali su yi murna. Bayan wani lokaci kuma sai ya dawo, ya dawo da taurin kan da ba ya jin maganin farko. Manoman da ke nan kun san aya-aya. Ka nome ta tas, gona ta yi fes, ruwa ɗaya ya sauka ka gan ta ta sake tsirowa, domin 'ya'yanta suna can ƙasa inda fartanya ba ta kai ba. To masu bincike suna zargin haka wannan ciwo yake. A cikin ɗimbin ƙwayoyin da suka taru suka yi ƙari, akwai 'yan kaɗan da magani ba ya kashewa, su ne ke sake haifar sauran. Muna kiran su ƙwayoyin tushe. Su nake nema, har furfura ta fito mini ina neman su.

Magana ta biyu, yadda ake neman su, domin an sha tambayata ko me muke yi da naman mutane. Wani ma a tashar Kazaure ya ce ya ji Turawa muke sayar wa. Da Turawa na saye, ai da ba a motar haya na zo ba.

Dole naman ya iso mana da ransa, yanzu aka cire, yanzu aka kawo cikin sanyi. Mu daddatsa shi ƙanana, mu zuba masa wani ruwa mai narkar da abin da ya haɗe ƙwayoyin, su rabu ɗai-ɗai, mu tace su a rariyar da ido ba ya ganin hujinta. Sannan mu sa musu shaida, wata tawada da ke manne wa masu wata alama a bayansu, ta bar sauran. Akwai injin da ke tura su a layi ɗaya bayan ɗaya, yana haska su, mai shaida ya ware shi gefe. Namu injin ya fi kwana a lalace fiye da a tsaye.

Amma shaida zato ce kawai, ba hujja ba. Hujja ita ce haihuwa. Sai mu ɗauki waɗanda muka ware mu shuka su a cikin wani abu mai kauri kamar kamu, mu sa a akwatin da ɗuminsa ɗaya da na jikin mutum, mu jira. Ƙwayar banza ta mutu. Ƙwayar tushe kuwa ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har su dunƙule su zama ɗan curi. Mu fasa curin, mu sake shukawa. Idan ya sake yin curi, muka sake fasawa, ya kuma yi, to mun kama ɓarawon. Daga nan ne ake gwada masa magunguna, a ga wanne yake ji, wanne yake tofarwa. Akwai mataki na gaba da ake yi da wasu ɓeraye na musamman. Mu ba mu da su, nan iyakarmu.

Duk wannan aiki wutar lantarki yake ci, ba ya haƙuri da ɗaukewarta. Sau da yawa na shuka, na yi raino, curi ya fara fitowa, wuta ta tafi, janareta ya ƙi tashi, akwati ya huce, in tarar da aikin watanni ya zama ruwa. Ba na ma iya yin fushi yanzu. Wanke kwalaben nake yi in jera su.

Abin da ya fi wuta wuya shi ne samun naman. Mu Musulmi ne, abin da aka cire daga jikin mutum iyalinsa kan ce a ba su su binne, kuma ban ga laifinsu ba; da mahaifina ne haka zan ce. Saboda haka yawancin abin da duniya ta sani game da waɗannan ƙwayoyi daga jikin wasu mutane aka sano shi, masu wani abinci, masu wani jini. Namu dattawan ana yi musu ɗinki ne da awon wani.

Magana ta uku, ita ce ta kawo ni. Malam Daudu makiyayi ne daga wata ruga a bayan garin nan, da yawanku kun yi cinikin shanu da shi. Ya ɓoye ciwonsa kamar yadda Bafulatani ke ɓoye yunwa, har ya kayar da shi. Kafin a shiga da shi tiyata na je na durƙusa gaban gadonsa, Inna Tasalla tana zaune a gefe, na yi masa bayanin da na yi muku yanzu, na roƙi ɗan abin da zai rage bayan likitoci sun ɗebi na gwajinsu. Ya dube ni ya ce, “Yaro, wato abin nan haihuwa yake yi a hannunka?”

Na ce, “Idan Allah ya yarda, Baffa.”

Ya ce, “To ba kyauta na ba ka ba. Haɓɓanaye na ba ka.”

Arɗo ya fi ni sanin wannan al'ada, amma saboda waɗanda ba su sani ba: idan ɗan'uwa ya rasa garke, sai mai shanu ya ba shi aron karsana. Ya yi kiwonta, ya sha nononta, ta haifa masa har sau uku. Maruƙan nasa ne. Uwar kuwa ya mayar wa mai ita, da mutunci, da godiya.

Na raba naman biyu. Rabi na daskarar da shi cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara, inda zai iya shekaru bai mutu ba; rabi na shuka. Jama'a, na Malam Daudu ya kama. Ya yi curi, na fasa, ya sake yi, na fasa, ya kuma yi. Tun da na fara aikin nan ban taɓa samun wanda ya jure haka ba. Har na kan ce wa abokan aikina, wannan taurin kan na gado ne.

Shi kuwa mai naman, ciwon ya riga ya kai ƙashi. Allah ya karɓi abinsa da damina. Bayan sadakar arba'in Haladu ya same ni a Kano, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Ya ce, “Malam, an ce Baffa yana nan da rai a kwalabarka. Ni na saka shi a kabari da hannuna, amma tun da na ji maganar nan nake jin ban gama binne shi ba. Ka ba ni shi duka.”

Ni ba malami ba ne da zan yi masa fatawa, kuma ubansa ne. Na ce ya ba ni lokaci, na biyo shi har ruga, raina a jagule, na riga na saddaƙar cewa aikin ya ƙare. Inna Tasalla ce ta saurare mu duka, sannan ta ce wa ɗanta, “Ina wurin aka yi. Baffanka bai taɓa karɓe maraƙi daga hannun wanda ya ba aro ba, ba kuwa za a fara da sunansa bayan ransa ba. Uwar ake mayarwa.” Haladu ya sunkuyar da kai, can ya ce, “To a mayar da ita yadda ake mayar da saniya, da rana, a gaban shaidu.”

Abokan aikina sun ce kada in yi. Gaskiyarsu ce ta fuskar aiki: wancan rabin da na daskarar, wato uwar, shi ne madogarata. Muddin yana nan, ko wuta ta kashe na cikin akwati ina da inda zan koma in sake shukawa. Na gwada daskarar da 'ya'yan, har yanzu ba su yarda sun farfaɗo ba. Idan na mayar da uwar, daga yau rayuwar aikina tana hannun janareta tsoho da mai gyaransa. Na san haka. Amma alkawari kaya ne, kuma na lura cewa idan na riƙe abin da aka ba ni aro, babu dattijon da zai sake yarda da mai farar riga daga nan har bakin iyaka, kuma da gaskiyarsa.

Roƙona gare ku bai da yawa. Iyayena maza, idan fitsari ya canza muku, ku faɗa, ku je a duba tun ƙafa tana ɗaukarku. Iyayena mata, ku kuke fara lura, kada ku taya su shiru. Malamanmu, ku duba mana wannan al'amari a littafi ku haska mana hanya. Wanda kuma Allah ya jarrabe shi da tiyata, idan wani irina ya durƙusa gabansa, ya tuna an taɓa ba da aro a Gwiwa, kuma an dawo da shi.

Haladu, taso. Malam Liman, Arɗo, ku shaida. Ga ta nan cikin farin ƙyalle, ba ta fi ƙwayar wake ba, tun da na fito da ita daga sanyi ta gama aikinta. Ga saniyar Baffanka. Ta haihu sau uku, ban wulaƙanta ta ba. Ka kai ta kusa da shi.

Allah ya jiƙan Malam Daudu, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya bari ya zama sadaka mai gudana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri. Allah ya albarkaci gonakinku da garkunanku, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Maruƙan nan kuma da na baro cikin akwati a Kano, marayu ne yanzu. Ku sa su a addu'a, Allah ya raya su.

Na gode.