Furen da Ke Hannun Sumie

"Tun kafin a haife ki nake wanka a nan, yau ke za ki tare ni?"

A ƙofar gidan wankan jama'a ne a Osaka. Sabuwar mai tsaron ƙofa ta ƙura wa hannun tsohuwa Sumie ido.

"Inna, mai zane a jiki ba ya shiga. Mutane za su ce 'yan daba muke tarawa."

"Ni ce 'yar daban? 'Yata Kaho ke koyon sana'ar zanen jiki. Mai koya mata ya hana ta taɓa fatar kowa sai hannunta ya faɗa. Ta zane cinyoyinta duka, wuri ya ƙare, na miƙa mata hannuna."

"Kifi ne wannan?"

"Fure ne, marar kunya!"

"Yi haƙuri, Inna. Ga filasta, ki rufe ki shiga."

Sumie ta daɗe tana kallon furen. Uban Kaho ma ya daina yi mata magana saboda sana'ar, ita kaɗai ta rage mata. Amma ciwon gwiwar Sumie ba ya jin komai sai ruwan zafi. Ta karɓa ta manna.

"Anjima Kaho za ta zo ɗaukata. Don Allah, kar ki gaya mata na rufe."