Gangaren Ƙofar Ɗaki

A rumfar wani mai walda a Zongon birnin Kwatano, Hudu na zaune a benci ana gyara masa kekensa na guragu. Wata dattijuwa da ke jiran zemijan, wato ɗan acaɓa, ta zauna gefe, tana ta kallon keken.

"Malam, kar ka ga na cika tambaya. Da wannan kake shiga har ɗaki?"

"Har ɗaki, Hajiya. Magini na sa ya zuba mini gangaren siminti a dokin ƙofa."

"Ruwan Kwatano fa? Ai don shi ake ɗaga ƙofa."

"Bai fasa tudun ba, gangare ya yi ciki da waje. Damina uku ke nan, ko ɗigo bai shiga ba."

Ta sake duban keken. "Ɗana ne ya dame ni a yi masa irinsa. Bara mota ta kaɗe shi. Na ce masa ruwa zai cinye mu."

"Yanzu wa ke fito da shi?"

"Ƙannensa, in suna gida. In ba sa nan, sai ya wuni a ɗaki." Ta sunkuyar da kai. "Siminti fa in an zuba, an zuba ke nan. Kamar na yarda ba zai sake tashi ba."

Hudu ya san maganar nan. Shekara biyu mahaifiyarsa ta yi tana faɗinta.

"Hajiya, ranar da Allah ya tashe shi, ni zan kawo guduma mu fasa. Kafin nan, ki bar shi ya je masallaci da kansa."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Maginin naka, a ina yake?"