Ku Mayar Mini da Koren Maɓallina

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro na masu manhajar kwamfuta ta Linux, manyan baƙi na kujerun gaba, malamai masu rubuta manhaja maza da mata, da sauran jama'a har masu tsayuwa a bakin taga, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Muryar da kuke ji ta maƙwabciyata ce, nas. Ni ce tsohuwar da ke tsaye kusa da ita rungume da ƙunshi. Ban yi makaranta ba. Jiya na zauna na faɗa mata ta rubuta, don na san in na ga idanunku a kaina zan manta abin da ya kawo ni. Na gode wa shugaba da ya ba ni fili, na gode muku da kuka yi shiru.

Abin da ke cikin ƙunshin nan kwamfutata ce. Autata tana aure a wata ƙasa mai nisa, ta haihu ranar Talata, yau Asabar, ni ban ga fuskar jaririn ba. Da ƙarfe huɗu za ta kira. Wannan ne ya fito da ni, ba son taro ba.

Na farko, ba ni da ƙorafi a kan Linux ɗinku, mai tambarin tsuntsu mai ƙaton ciki. Babban ɗana ne ya sa mini shi a tsohuwar kwamfutar ofishinsu, ya ajiye mini koren maɓalli a kan allo, a ƙasa ta hagu, ya ce, "Mama, nan kaɗai za ki taɓa." Shekara biyu ina taɓawa, autata tana fitowa, muna hira har da gulmar dangi.

Na biyu, wata ɗaya da ya wuce muryar kwamfutar ta ɗauke. Murya kawai, jama'a. Surukata, matar ɗan nawa, ta zo, ita ma 'yar ƙungiyarku ce. Ta gyara muryar kafin shayi ya huce, sai ta tsaya tana kallon allon tana girgiza kai. Ta ce, "Haba Mama, wa ya bar ki da wannan tsarin allo mai hoton ɓeran? Bari in sa miki mai hoton tafin ƙafa, ya fi tsabta." Tsabta kam ya yi, don komai ya ɓace. Wai in tura linzamin kwamfutar can kusurwar allo, abubuwa za su fito. Na tura, allon ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji, na fita tsakar gida ba takalmi.

Ɗana ya ji labari, ya zo ya sa wani na uku mai maɓallai fiye da kantin tela. Matarsa ta dawo ta cire. A falona suka yi faɗa, ni ina tsammanin wata babbar magana ce ta shiga tsakaninsu, ashe a kan in ana rubuta manhaja, ko a bar fili huɗu a farkon layi ne ko a danna maɓalli ɗaya. Kwana uku ba sa ga-maciji. Ni na yi sulhun, kuma har yau ban san wa na ba gaskiya ba.

Na uku, Mai Gemu. Abokin ɗana ne, na san yana cikinku, kada ya sunkuyar da kai. Ya zo sasanci, ya share nasu duka biyun, ya bar mini baƙin allo da wani ɗan farin abu yana ƙyafta mini ido. Na ce, "Ɗan nan, ina maɓallina?" Ya ce, "Mama, maɓalli ɓata lokaci ne. Kalma uku kawai za ki rubuta." Na ce ban iya rubutu ba. Ya ce ai akwai littafin bayani a ciki, in karanta. Ya tafi da linzamina a aljihu, wai don in saba. Sau ɗaya na taɓa, rubutu ya dinga gudu kamar tururuwa. Tun ranar nake rufe ta da zane in zan yi salla.

Ku mutanen kirki ne, na shaida. Ba wanda ya taɓa ƙin zuwa in na kira. Amma kowannenku in an ce ya gyara ƙofa, sai ya rushe ɗakin ya gina irin nasa.

Roƙona shi ne mutum ɗaya ya tashi, wanda ba shi da ra'ayi, ya mayar mini da koren maɓalli a ƙasa ta hagu, sauran kuma kowa ya zauna a kan hannayensa. Na san samun mai irin wannan hali a cikinku sai an sha wuya. Shi ya sa na roƙi maigadi ya kulle ƙofar zauren nan, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Ku yafe mini, amma ba mai fita sai na ga jikana.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku ko da na rabin awa ne, Ya mayar da kowa gidansa lafiya bayan ƙarfe huɗu. Na gode.