Katin da Ya Riga Mai Shi

A ɗakin jiran likitan ido nake, riƙe da jaridar da ba na iya karantawa, sai kunne ya karɓi aikin. Wani dattijo ne ke hira da tsohuwar da ya tarar a benci.

"Mama, ni ba wanda ya kawo ni. Shekaranjiya na yanke shawara, yau ga ni. Haka na koma coci bara, da ƙafata."

"Ƙafar wa ya ba ka, Baba? Alherin Allah ne ya riga ka tashi."

"Ai sai mutum ya motsa alheri ke samunsa."

"To mai motsi, kawo katinka in duba maka lambar layi. Idona ɗaya ya fi naka biyu. Af! Katin nan wata uku ke nan da yankarsa."

"Wata uku? A aljihun rigata na tsince shi."

"Kati ba ya tsirowa a aljihu. Wa ke maka wanki?"



"'Yata. Shekara guda ban amsa gaisuwarta ba. Duk Asabar takan zo ta kwashi wanki ta tafi."

"Ka gani? Kana fushi, ana kama maka layi. Haka Ubangiji yake yi da mu, tun ba mu so ba."

"Kai, na gode Allah." Ya miƙa mata wayarsa. "Mama, ba na ganin rubutu. Nemo min lambarta. Mai Taurin Kai na sa mata."

"Gado ne," in ji tsohuwar. Ta kai wayar kusa da idonta mai lafiya. "Nan ma an riga ka, Baba. Sau uku ta kira tun safe."