Robar da Mai Faci Ya Ɗaura

Ranka ya daɗe shugaban hukumar gari, manyan ma'aikatansa, malamanmu, uwargidan marigayi da 'ya'yansa, jama'a, assalamu alaikum.

Shekarar da tsohuwar gada ta karye, kowa na zagaye kafin ya shiga gari, a shekarar Mai Faci ya kafa rumfar gyaran keke a bakin tasha. Ina wurin, ni na riƙe masa kwanon yana buga ƙusa.

Ya kasance mai taurin kai, ni kaɗai na fi shi. Ya kasance in an kawo masa keken da mota ta murƙushe, ba ya taɓa shi sai ya ji ko mai shi yana da rai.

Da hukuma ta ce za ta fitar wa masu keke hanya daga wannan bakin gari zuwa wancan, a kawo shawara, mu cewa muka yi zance ne. Shi ya bi mu unguwa-unguwa, masu kai burodi, magina, iyayen 'yan makaranta. Duk inda aka yarda hanya ta bi, sai ya yanko tsohon tiyub ya ɗaura a falwaya. Na ce masa, "Kai da roba, su da takarda, wa zai ci?" Ya ce, "Tsoho, in ba za ka taya ɗauri ba, matsa mini."

Hanyar bayan kasuwa muka zaɓa. Titin tirela kuwa Mai Faci ya ce atafau ba za a bi ta nan ba.

To, shekaranjiya na bi ta bayan kasuwa, babu roba ko ɗaya. A titin tirela na same su, an jera. Mai Faci bahago ne, wannan kuwa ƙullin mai dama ne. Ban kama sunan kowa ba. Amma roba ba ta tafiya da kanta. Yau kuma na ji za a sa wa hanyar sunansa. Ranka ya daɗe, wacce daga ciki?

Uwargida, ke da yara, kada ku ba da sunan nan sai kun taka hanyar da ƙafarku. 'Ya'yan mutane ne za su hau ta.

Mun gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Mai Faci, ya sassauta masa kwanciya, ya tsare mahayan da ya bari.

An ce gobe za a fara haƙa a titin tirela. Da sassafe zan kai kujerata wurin in zauna. Mai diga ya fara ta ƙarƙashina.