Inna Ta Kama Sunana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Lawal ne daga Sandamu.

Ni ɗan fari ne. Shekarata arba'in, mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba saboda kunya, sai dai "wancan yaron". To, wata malama ta zo daga Daura tana tara mata, su zauna shiru ido rufe, sannan su yi ɗinkin hula. Wai maganin damuwa ne. Inna ma ta shiga cikinsu. Ni dai ban yarda da ita ba.

Ranar Juma'a Inna ta miƙo mini hula, ta dube ni ta ce, "Lawal, kai na ɗinka wa."

Jama'a, ku ba ni shawara. Me matar nan take ba su? Ko bankwana Inna take yi mini?