Hannuwan da Na Hana Jikana

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Saratu, mai sayar da gwanjo a kasuwar Nkololoun. Wasunku sun lura na daina miƙa hannu idan ana gaisawa bayan sujada, kuma na ji an ce girman kai ne. Yau zan faɗa muku dalili.

Bara da damina ƙaiƙayi ya kama ni a hannuwa biyu, daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa. Ba ƙurji, ba kumburi, amma can ciki kamar tururuwa na cizo. In sosa ya lafa kaɗan, sai ya dawo da fushi. Na sosa har jini ya ɓata mini hannun riga.

Ni mai yawan tunani ce tun ina yarinya. Na ce shi ke nan, ƙazuwa na kwaso daga dila, wato ƙaton ɗaurin gwanjon da nake sarowa. Wa ya san wanda ya sa kayan nan kafin su hau jirgi? Na shiga dafa tufafina a tukunya. Na ware kofina da cokalina. Har ruwan javel, wato bilic ɗin wanki, na zuba a ruwan wanka, fatata ta yi ta ɓarewa. Idan mai saye ta karɓi riga daga hannuna, sai in wuni ina roƙon gafara, don gani nake na shafa wa 'ya'yanta cuta.

Ana cikin haka 'yata Hannatu ta haifi ɗanta na fari, ta dawo gida a unguwarmu ta New Bell wankan jego. Kun san aikin uwa ne wannan. Ni ya kamata in dafa ruwa, in yi mata wanka, in wanke jaririn, in gasa masa cibiya. Wayyo, ban iya ba! Na roƙi maƙwabciyata, Hajiya Asabe, ita ta yi komai. Ni kuwa in hura wuta, in koma bakin ƙofa ina leƙe.

Hajiya takan ɗaga shi ta ce, "Saratu, ga angonki yana ta nemanki, ke kina laɓe kamar baƙuwa. In ba kya so, ni na ƙwace!" In yi dariya, in zaga bayan ɗaki in share hawaye.

Ranar da suka yi arba'in Hannatu tana ɗaure kaya ta ce, "Mama, me na yi miki?"

Na ce, "Cuta gare ni, 'yar nan."

Ta ce, "Wace cuta? Ina ƙurjin? Gida ɗaya muke, wa ya kamu? Dangin mijina suna tambaya ko ba ki yi murna da yaron ba ne. Ba zan sake kawo shi a tsaya masa a bakin ƙofa ba."

Ta tafi. Gidan ya yi shiru, ni da hannuwana kawai.

Wata rana da tsakar rana na rufe rumfa na shigo nan. Babu kowa, ruwa na dukan kwano. Na durƙusa a wancan benci na ce, "Ubangiji, yau ban zo don ka cire ƙaiƙayin ba. Ka nuna mini gaskiya kawai: ni guba ce ga yaron nan, ko a'a?"

Da na koma gida hannuna na ci kamar wuta, sai na sayi ƙanƙara a leda wurin Hajiya na ɗora. Nan take ya yi tsit. Hajiya ta ce, "Ƙazuwa ba ta jin sanyi haka. Tashi mu je asibiti, na gaji da kallonki."

Likitan ɗan New Bell ne, yana Hausa yana haɗawa da Faransanci. Ya duba fatata sosai, sannan ya tambaye ni ko ina ɗaukar kaya a ka. Na ce dila nake ɗauka tun Hannatu tana goye. Ya sa aka ɗauki hoton wuyana.

Ya ce, "Mama, ce n'est pas la gale. Ba ƙazuwa ba ce, ban da ɓarnar da farcenki da javel suka yi, fatarki lafiya lau." Ya yi mini bayani a hankali. Wai jin ƙaiƙayi saƙo ne da jijiya ke ɗauka daga fata zuwa laka, a cikin ƙashin baya. A can akwai ƙananan ƙwayoyi, wasu suna miƙa saƙon zuwa ƙwaƙwalwa, wasu suna tare shi. Zafin susa da sanyin ƙanƙara su ke tada masu tarewar, shi ya sa ake samun sauƙi na ɗan lokaci. Ni kuwa nauyin dila ya cinye ƙashin wuyana har ya danne jijiya, tana ta aika saƙon ƙarya.

Na ce, "Likita, gaya mini gaskiya. In na taɓa jariri fa?"

Ya ce, "Ki taɓa, ki rungume. Babu abin da za ki shafa wa kowa."

Na fashe da kuka a gabansa. Rabi godiya, rabi baƙin ciki. Ashe duk lokacin nan babu abin da nake kare yaron daga gare shi!

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, ban warke sarai ba. Maganin yana sa ni barci, an hana ni ɗaukar dila, ciniki ya ja baya, ƙaiƙayin kuma yakan dawo. Wankan jegon nan ma ya wuce, ba zai dawo ba.

Amma na je gidan Hannatu. Ta daɗe tana kallona kafin ta miƙo mini yaron. Har ya fara zama. Bai san ni ba, ya tsala ihu yana miƙa wa uwarsa hannu. Na riƙe shi a ƙirji yana kuka ina kuka, har ya gaji ya kama ɗan yatsana.

Na gode wa Yesu da ya amsa abin da na tambaya. Ku masu tsoro irina, kada ku yanke wa kanku hukunci a ɓoye. Ku kai masa, ku je a duba ku. In an tashi sujada ina bakin ƙofa, hannuna a miƙe. Amin.